Shekarar da Aka Mayar da Ni Lamba Shida

Lamba tara nake bugawa a ƙungiyar unguwarmu ta Batsari tun kafin gemu ya fito mini. Ba wanda ya naɗa ni. Ni na tsaya a wurin, na yi ta cin ƙwallo har aka saba. Tsarinmu ɗaya ne a lokacin, wanda muka gada daga yayyenmu: mutum huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba. Ni da wani dogo ɗan gidan mahauta ne a gaban. Shi ya yi tsalle ya sauko da ƙwallo da ka, ni in ƙarasa. In an tashi wasa, sunana ne ke yawo a teburin mai shayi.

A gida kuwa ba a ko ambaton ƙwallo. Baba malamin Islamiyya ne, makarantar a zauren gidanmu take, kuma lokacin fita fili, bayan la'asar, shi ne lokacin karatun yamma. Na sha bulala a kan ƙwallo fiye da a kan kowane laifi. Takalmin wasana a gidan abokina yake kwana. In na dawo da targaɗe, sai in daure in miƙe tafiyata har in wuce zaure, sai na shiga ɗaki in zube. Daga baya Baba ya gaji ya daina duka, amma bai taɓa tambayata yadda wasa ya ƙare ba. Ya bar ni da abina, yadda ake barin mutum da halin da aka kasa raba shi da shi.

Ƙanina da ke bi mini ba ya gida a waɗannan shekarun. Kawunmu na Safana, ma'aikacin ƙaramar hukuma, shi ya ɗauke shi tun yana firamare, sai da ya gama sakandare ya dawo. Na san shi ɗan siriri mai yawan mura. Ya dawo ya kusa kamo ni a tsawo, ga kafaɗa, ga ƙafafu kamar an zana. Na ji ana cewa yana taɓa ƙwallo a can, amma ban ɗauki maganar da muhimmanci ba. Wane yaro ne ba ya taɓa ƙwallo?

A daminar da ya dawo ne muka yi sabon koci. Malamin sakandare ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Batsari, mutum gajere mai sanƙo, wanda ba ya ɗaga murya sai a fili. Ya yi kwanaki yana tsayawa a gefe yana kallon atisayenmu, hannuwa a baya. Wata rana ya tara mu, ya tsuguna, ya share ƙasa da tafin hannu, ya jera tsakuwa.

"Huɗun baya suna nan yadda suke," in ji shi. "Amma tsakiyarku a buɗe take kamar bakin kasuwa. Kowa yana son zuwa gaba, ba mai son dawowa. Daga yau mutum uku ne a tsakiya, uku a gaba. Biyu a gefe, ɗaya a tsakiyar gaba. Lamba tara guda ɗaya ke nan."

Ɗan gidan mahauta ya dube ni, na dube shi. Na ji tausayinsa ma, don na san shi za a zaunar.

A ranar ne ƙanina ya biyo ni fili, da takalmin aro. Mutum bai cika ba, Koci ya ce ya shiga ɗaya ɓangaren. Ƙwallon farko da ta zo masa, ya tare ta da ƙirji, bai bari ta taɓa ƙasa ba, ya juya ya ɗaura ta a kusurwa. Golanmu ko motsi bai yi ba. Ta biyu, ya yanke mutum biyu ya tura a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na tafa masa. Wallahi na tafa, har na ce wa na kusa da ni, "Ƙanina ne fa."

Bayan mako guda Koci ya kira ni gefe, gindin dalbejiyar da muke rataye riguna.

"Zan mayar da kai lamba shida," ya ce.

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Shida, Malam? Ni?"

"Kai. Gaban 'yan baya za ka tsaya. Duk ƙwallon da za ta shigo gidanmu, ta kanka za ta bi. In ka ƙwace, kai za ka raba. Ba ka wuce tsakiyar fili sai da dalili."

"To wa zai ci ƙwallon?"

Ya kai dubansa inda ƙanina ke ɗaure igiyar takalmi.

"Ka fi kowa ganin fili a cikinsu," ya ce. "Kafin ƙwallo ta zo maka ka riga ka san inda za ka kai ta. Amma ba ka da gudu, kuma ka sani. Shi yana da gudu, ba ya ganin komai sai raga. Me zai sa in haɗa ku wuri ɗaya ku riƙa take ƙafar juna?"

Na ce to. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai. Ɗan gidan mahauta an mayar da shi baya, lamba biyar, inda tsawonsa ke da amfani, ya karɓa yana dariya. Ni ban yi dariya ba. Da aka raba riguna ranar wasanmu na gaba, na ga rigata a jikin ƙanina. Akwai ɗan ɗinki a hammatarta na hagu, da hannuna na yi shi.

Wanda bai buga lamba shida ba ba zai san irin aikin ba. Kai ne mai share gida. Ɗan gefe ya tafi gaba bai dawo ba, kai za ka toshe gurbinsa. Lamba takwas ya zubar da ƙwallo, kai za ka biya. Ka sa ƙafa, ka sa kai, ka sa ƙirji, a take ka, a yi maka gula da gwiwar hannu, ka tashi ka karkaɗe. In ka yi aikinka da kyau, babu abin da zai faru, kuma ba a tafa wa abin da bai faru ba. In ka yi kuskure sau ɗaya, duk fili ya gani. Ƙwaurina bai sake rabuwa da ciwo ba a shekarar nan.

Muka fara cin wasa kuwa. Muka ci unguwannin cikin gari, muka je Darini muka ci. Ƙanina yana ci kusan kowane wasa, yawanci daga ƙafata. A teburin mai shayi sai in ji ana ba da labarin ƙwallon daga inda ya karɓe ta. Yadda ya juya, yadda ya yanke, yadda gola ya faɗi. Yadda ta iso gare shi kuwa, kamar daga sama ta faɗo. Wani ma ya taɓa dafa kafaɗata ya ce, "Kai yanzu ka daina ci ko? Ƙarfi ya fara ƙarewa." Ina da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kiran da yake yi a fili. A gida in ya zo gaishe ni sai ya rusuna, ba ya zama a kujera ina ƙasa, ba ya sa hannu a kwano kafin ni. A fili da farko yana cewa, "Yaya, nan! Yaya, ga ni!" Da tafiya ta yi tafiya sai Yayan ya faɗi. "Saka! Saka mana!" In na ɗan jinkirta sai ya ɗaga hannuwa sama ya juya baya, a gaban jama'a. Na san haka kowane lamba tara yake yi. Ni ma haka na yi wa 'yan tsakiyarmu shekara da shekaru. Amma sanin bai rage komai ba. Sai in tura masa ƙwallon daidai ƙafarsa, in bi shi da harara.

Sai kuma gida ya canza. Inna ta fara ajiye masa ruwan zafi in mun dawo. Ranar da aka taka shi a idon sawu, da kanta ta shafa masa man zafi tana faɗa da yaran da ba su da tausayi. Ina zaune a gefe da nawa ƙwaurin da ya kumbura a ƙarƙashin wando. Ban nuna ba, ita ma ba ta tambaya ba, don na riga na koya wa gidan nan cewa ni ba na jin ciwo.

Baba kuma mutane suka fara tare shi a ƙofar masallaci. "Allah gafarta Malam, jiya yaron nan naka ya fitar da mu kunya." Da farko yakan ɗaure fuska ya ce Allah ya shirya. Daga baya na lura ɗaurewar tana sassautawa. Wata rana muna cin tuwo a zaure, ya ɗago ya ce, "An ce kun je Darini."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ba ni yake kallo ba.

"Eh, Baba," in ji ƙanina. "Mun ci biyu."

"Kai ka ci?"

"Ni na ci duka."

Baba ya ce, "To, madalla. A dai riƙa kula da salla." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni tuwon ya fita raina. Shekarun da na yi ina ɓoye takalmi a gidan mutane, ban taɓa samun ko wannan madallar ba.

Bayan an yi girbi aka haɗa mana wasa da 'yan Safana a filinsu. Wasa ne da ake jira, don sun daɗe ba a ci su a gida ba. Muka tafi a babura, wasu a bayan akori-kura, tun rana na sama don mu dawo da haske. Koci ya zaunar da ni a kusa da shi a hanya.

"Suna da lamba goma," ya ce. "Ɗan ƙauyen Babban Duhu ne, siriri, baƙi, ba ya magana. Duk wasansu a ƙafarsa yake. Ba na son ka ƙwace ƙwallo a wurinsa kullum, ba za ka iya ba. Ina son kada ya juyo ya fuskanci ragarmu. In ya karɓa, ya ji numfashinka a wuyansa. Ya mayar baya. Shi ke nan aikinka yau."

Muna ɗumama jiki sai ƙanina ya taɓa ni. "Yaya, dubi can."

A gefen fili, ƙarƙashin wata bishiya, kawunmu ne tsaye, kusa da shi kuma Baba, da babbar rigarsa da carbi a hannu. Ya zo Safana tun safe wajen saukar karatun ɗan wani amininsa, Kawu ya ja shi. Ya tsaya ɗan nesa da jama'a, kamar wanda hanya ce kawai ta biyo da shi. A rayuwata ban taɓa ganin Baba a bakin filin ƙwallo ba.

Ban taɓa buga wasa irin na ranar ba, kuma ban sake ba. Yaron Babban Duhu ya iya ƙwallo, Allah ya sani. Yana karɓa kamar ƙwallon ta san shi. Amma duk inda ya juya yana tarar da ni. Ya koma hagu na bi shi, ya sauko baya na raka shi, ya yi kamar zai tafi ya tsaya, na tsaya. Sau ɗaya ya wuce ni, na bi shi na zame a ƙasa na zare ta daga ƙafarsa ba tare da na taɓa shi ba, tsakuwa ta yage mini cinya. Aka tafi hutu babu ci. Aka dawo, suka matsa mana, 'yan gefenmu suka gaji suka daina dawowa, na zama ina rufe wurin mutum uku.

Can wasa ya yi nisa, golansu ya buga doguwa, lamba goman ya sauko zai karɓa. Na riga shi da taki ɗaya. Na tare, na ɗaga kai. 'Yan bayansu sun hauro sun yi layi, akwai rata tsakanin biyun tsakiya, ƙanina kuma yana tsaye a kafaɗar ɗaya daga cikinsu, bai ma fara gudu ba. Ban jira kiransa ba. Na tura ta ƙasa ta cikin ratar, zuwa wurin da babu kowa. Sai da ƙwallon ta wuce su sannan suka gane, shi kuwa ya riga ya tashi. Ya same ta, gola ya fito, ya ɗaga ta bisa kansa.

Mutanenmu suka ɓarke cikin fili. Aka ɗaga shi sama. Ni ina tsaye a da'irar tsakiya, hannuwa a ƙugu, ina haki. Ɗan gidan mahauta ne kaɗai ya zo ya buga mini ƙeya ya koma wurinsa. Na dubi gindin bishiya. Baba ya matso har bakin layi, yana murmushi, haƙoransa a waje.

Haka aka tashi, ɗaya da nema. Lamba gomansu ya zo ya miƙo mini hannu, ya ce, "Kai, ka hana ni shan iska yau." Koci ya rungume ni ya ce a kunnena, "Wasan nan naka ne." Na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba. Amma ba su nake jira ba.

Muka je muka durƙusa gaban Baba da Kawu, ni da ƙanina, gumi na zuba.

"Sannunku, sannunku," in ji Baba. Ya dubi ƙanina. "Ashe haka kake da gudu? Ikon Allah. Kamar barewa."

Kawu ya ce, "Ai tuwon gidana ne, Malam." Suka yi dariya.

Sannan Baba ya juyo gare ni. Ya dubi jinin da ke cinyata, ya dubi fuskata.

"Kai kuma na ga tun da aka fara ba ka ko je kusa da ragar ba. Can baya kake ta kai da kawowa. Ba kai ne aka ce kana ci ba a da?"

"An canza mini wuri ne, Baba."

"To. Ai ba komai. Kowa da abin da Allah ya hore masa. Ka wanke ciwon nan kada ya yi ruwa."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Lallashina ma yake yi, a ganinsa.

A hanyar komawa na karɓi babur ɗin wani ɗan ƙungiyarmu na tuƙa, ƙanina a baya. Rana ta yi ja, shanu na komawa gida, muna ratsa gonakin da aka yanke dawa. Ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Yaya, ƙwallon nan da ka saka, ban ma kira ba. Yaya aka yi ka san zan tafi?"

"Riƙe da kyau," na ce. "Akwai rami a gaba."

Ya yi zaton gajiya ce ta sa na amsa masa haka.

Da shekara ta zagayo ya samu gurbin karatu a Katsina ya tafi. Koci ya miƙo mini tsohuwar rigata ya ce, "Ga abinka, tunda ka daɗe kana kallonta." Ashe ya lura. Na sa, na koma gaba, zuciyata fes. Amma abin bai yi ba. Ina tsaye a gaba sai in hango tsakiya a buɗe, in ga yaron da aka sa a shida ya bar wurinsa, kafin in ankara ƙafafuna sun kai ni can. In ƙwallo ta zo gaba babu kowa. In na daure na tsaya, ba mai saka mini irin wadda nake so. Na ci 'yan ƙwallaye, ba laifi, amma duk wadda na zubar sai in ji wani daga bakin fili ya ce, "Kai! Da ƙaninsa ne!" Kafin ƙarshen kaka na je da kaina na ce wa Koci ya mayar da ni shida. Ya karɓi rigar ya ba wani yaro. A shida na ƙarasa ƙwallona, har gwiwa ta ce ya isa.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare ta wajen Safana. Ƙanina yana aikin ofis a Katsina, ya yi tumbi, ko matakala ya hau sai ya yi haki. Ƙwallo ko a talabijin ba ya cika kallo. Amma in ya zo gida da salla muka fita tare, har yau sai wani ya tsallako titi ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tuna masa ƙwallon Safana. Ni a gaishe ni a tambayi iyali.

Sallar da ta wuce muna zaune a zaure, Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ga wani baƙo ya zo gaishe shi. Hira ta biyo ta kan yaran yanzu da ƙwallo. Baba ya nuna mu da carbinsa.

"Ai waɗannan ma duk sun yi. Na hana, na hana, na gaji. Ƙaramin ne dai ya iya."

Ƙanina ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai Yaya ne ke ba ni. Ba don shi ba ko ɗaya ba zan ci ba."

Baba ya ce, "To ai yayanka ne. In bai ba ka ba, wa zai ba?"

Baƙon ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, haka zumunci yake. Na tashi na ce bari in duba ko an gama abinci.